Tafintar Baba Albishir

Hannuna na cikin kumfar wanke-wanke Akawu ya faɗo kicin, ko gaisuwa babu. Ya jingina wayarsa a jikin kwalbar mai, ya ce, "Mama, kalli."

Na kalla. Mijina ne tsaye a tashar bas, ya dogara sandarsa, sanye da rigarsa mai ruwan toka wadda na goge masa da hannuna. Bakinsa ya karkace gefe guda, yana fama da wata kalma da ta ƙi fita, sai aka saka kukan akuya daidai wurin. Aka maimaita. Aka sake maimaitawa, wannan karon har da kiɗa. Daga nan aka matso da hoton kusa da haɓarsa, inda yawu ya gangaro, aka tsayar da shi a nan. A ƙasa kuwa an jera 'yan fuskokin nan masu dariya har da hawaye, ba su ƙirguwa.

"Kashe," na ce.

"Ba ki ga ƙarshen ba."

"Na ce ka kashe! Ni da nake share yawun nan safe da yamma, ni za ka nuna wa shi a waya?"

Ya kashe. Akawu shi ne ɗanmu na fari. Tun yana ɗan firamare yake jera biro a aljihun gaba, shi ya sa ubansa ya laƙaba masa sunan, Allah kuma ya sa ya bi shi har ofis. Yaro ne mai hankali, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma a ranar idonsa ya kaɗa ya yi jajir.

"Jiya ina shiga ofis aka yi tsit," in ji shi, "sai wani ya yi kukan akuya daga bayan kwamfuta, aka kwashe da dariya. Na haɗiye. To jikarki fa? Da kuka ta dawo daga makaranta, wai an ce kakanta ya zauce. Mama, ya isa haka nan. Baba ya daina fita."

Na ji tausayinsa, Allah ya sani. Na ji tausayin 'yar jikata fiye da nasa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na lura rediyon da Baba ke saurare a falo ya yi shiru. Gidan namu ɗaki biyu ne da falo, ko tari ka yi a kicin an ji ka.

* * *

Gyaran takalma ne sana'ar mijina. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a tashar nan, ƙarƙashin lema, da ɗan akwatinsa mai basilla da zare da gam da 'yar guduma. Kuma tun ranar da na san shi bai taɓa karɓar takalmin mutum ya riƙe bakinsa ba.

Ga yadda yake yi. Ka zo da takalminka ya ɓalle, kana saurin kama bas. Sai ya ce ka cire, ya turo maka ɗan katako ka ɗora ƙafa. Ya zura zare a basilla, ya ɗago ya dube ka, ya ce, "Albishirinka." Shi ke nan ka shiga hannu. Ina za ka da takalmi ƙafa ɗaya? Yana ɗinki yana ba ka labarin Yesu, a hankali, kamar mai ba ka labarin wani amininsa da suka rabu jiya. Da zaren ya ƙare maganar ta ƙare, ba ya ƙara ko kalma. Daga nan sunan Baba Albishir ya samo asali, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa.

Na sha ce masa, "Baban yara, wannan ai kamun ƙarfi ne. Ka riƙe wa mutum takalmi kana yi masa wa'azi?" Sai ya yi dariya ya ce, "'Yar rigima, ai ɗinkin ba ya ƙara tsawo don na yi magana."

Ya sha zagi kuwa. An ce masa mahaukaci, an ce masa Fasto Basilla. Akwai wani mai kwat da ya fusata ya tafi yana ɗingishi da takalmi ɗaya, washegari ya dawo a kunyace ya tarar an ɗinke ɗayan, an goge shi yana ƙyalli. Amma ban taɓa jin Baba ya zagi addinin wani ba. Mai jarida da ke gefensa ba addininmu ɗaya ba, kullum suna cikin gardama, kuma in ruwa ya sauko lema ɗaya suke shiga.

Ni kuwa Allah bai yi ni da baki a cikin jama'a ba. A gida kam, tambayi maƙwabta, ba a kai ni. Amma ko a ƙungiyar mata ta coci, in ana waƙa leɓe kawai nake motsawa.

Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin aiki. Mai jarida ne ya tare mota ya kai shi asibiti. Ya tashi da ɓarin dama a shanye, hannun basilla ya mutu murus, idon wannan gefen ya dushe, harshe ya yi nauyi. Likitar da ke koya masa magana ta ja mini kunne, ta ce kada a bar shi ya yi shiru, ya yi ta magana ko da bango ne. Na ce mata, "'Yata, wannan ba sai an roƙe shi ba."

Ranar da ya fara iya takawa da sanda, bai ce a kai shi ko'ina ba sai tasha. Babu akwati, babu basilla, babu takalmin da zai riƙe wa kowa. Tsayawa kawai yake yi kusa da teburin mai jarida, ya yi wa masu jiran bas albishir da bakin da ya rage masa. Rabin abin da yake faɗa ba mai ganewa. Ni kaɗai nake jin sa tsaf, don na saba da shi yadda uwa ke sabawa da gwarancin ɗanta.

* * *

Washegarin zuwan Akawu na fito daga wanka na tarar da Baba a ƙasa. Gabana ya faɗi, na ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe durƙusawa ya yi yana laluben ƙarƙashin gado da hannun hagu. Ya riga ya shirya tsaf, har ya sa takalmansa da yake matsewa tsakanin gwiwoyi ya goge da hannu ɗaya.

"Sanda," ya ce.

Na duba bayan ƙofa, na duba bayan kujera, na duba banɗaki. Can na tuna Akawu ya fita jiya da wani abu dogo a naɗe cikin jarida. Na kira shi a waya.

"Tana gidana, Mama," ya ce. "Don Allah ki yi haƙuri. Sai abin ya lafa."

"Ƙafar ubanka ka ɗauke, kai yaro?"

"In ban yi haka ba fita zai yi. Kin san shi."

Na ɗago Baba na zaunar da shi bakin gado, na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya dubi takalmansa ya jima, sannan ya ce in cire masa su.

Da yamma sai ga Fasto, Akawu ne ya turo shi. Matashi ne mai ladabi, sa'an Akawu, har ƙasa ya rusuna ya gaishe mu. Na kawo masa ruwa. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Baba, kun yi wa Ubangiji aiki, kowa shaida ne. Amma zamani ya canza. Yanzu komai sai a ɗauka a watsa, kuma ba ku kaɗai ake yi wa dariya ba, har da ikilisiya. Shaida tana son hikima. Ku zauna a gida kuna yi mana addu'a, ita ma hidima ce babba. Ranar Lahadi kuma za mu ajiye muku kujera a sahun gaba."

Baba ya yi magana. Fasto ya juyo ya dube ni, don bai gane ba.

"Cewa ya yi," na ce, "a sahun gaba wa zai yi wa albishir? Ku da kuka riga kuka ji?"

Fasto ya yi murmushin yaƙe. Ni kuwa da na buɗe baki sai na kasa rufewa, tunda a falona nake.

"Fasto, ka yi haƙuri, ɗana ne kai. Shekarun baya, lokacin da bakinsa ke daidai, ba a gabana kuka kira shi gaban jama'a kuka ce matasa su yi koyi da shi ba? Har tafi aka yi. To me ya canza, maganar ko bakin? In maganar ce, gaya mini in sani. In kuwa bakin ne, ai ba shi ya karkatar da abinsa ba."

"Mama, ba haka nake nufi ba."

"Yo to yaya? Yara marasa tarbiyya sun mayar da tsoho majinyaci akuya, duk garin nan ba wanda ya ce musu kul. Amma an samu ƙafar zuwa wurin tsohon a ce ya ɓuya. Haba, Fasto!"

Ya sunkuyar da kai. Ya sha ruwansa, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya roƙa wa Baba lafiya da haƙuri. Ya tashi ya tafi. Bai ce a dawo da sandar ba.

* * *

Daga ranar Baba ya fara yin shiru. Ba lokaci guda ba. Da farko yakan yi addu'ar safe da ƙarfi yadda ya saba, daga baya ta koma motsin leɓe. Ya daina kunna rediyo. Ya daina tsokanata, wannan kuwa shi ya fi tayar mini da hankali, don mutum ne da ko a gadon asibiti sai da ya ce mini 'Yar rigima da rabin baki. In na kawo abinci ya yi cokali biyu ya ture. In na tambaye shi abu ya gyaɗa kai ko ya girgiza. 'Yan kalmomin da likita ta sha wahala ta dawo masa da su, ina gani suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Kujerarsa na fuskantar taga. Daga nan ba a ganin tasha, amma ana jin ƙarar birkin manyan bas-bas. Duk wadda ta tsaya sai na ga yatsun hannunsa na hagu sun motsa a kan gwiwa.

Na sake kiran Akawu, ya ce in ƙara haƙuri. Ya aiko da kayan marmari da magunguna, ya aiko da sabon bargo mai laushi. Komai ya aiko ban da sanda.

Wata safiya ina yi masa gyaran fuska. Na shafa masa sabulu, na tallafo haɓarsa ina bi da reza a hankali ta gefen da ya saki. Sai na ji ya yi magana, muryar a dushe saboda rashin amfani.

"Na zama... abin kunya?"

Na ajiye rezar.

"Wa ya ce?"

"Akawu... jikata ta yi kuka."

"Ta yi kuka saboda mugayen yara, ba saboda kai ba."

Can ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, ina tsinta, "Ya bar mini rabin baki. Da ba ya so... in yi magana... da ya ɗauke duka."

Hawaye ya gangaro masa daga idon nan mai dushewa, ya yi hanya a cikin kumfar sabulu. Oh ni, ban san sanda na rungume kansa ba, sabulun ya ɓata mini gaban riga. Na yi kuka sosai. Ina son mutumin nan, kuma a gabana yake ƙarewa da ransa, a kan kujera mai sabon bargo.

Na ƙarasa askin, na goge masa fuska. Na ɗauko takalmansa na tsuguna na sa masa.

"Babu sanda," ya ce.

"Ni fa, itace ya fi ni ne? Tashi."

* * *

Tafiyar da yaro zai yi a guje kafin ka ƙifta ido, mu sai da muka huta sau da yawa. Hannunsa na hagu a kafaɗata, nawa a ƙugunsa, ƙafar dama tana jan ƙasa. Ashe haka ya rame. Mai kemis ta leƙo ta taga, masu wankin mota suka dakata da soso a hannu. Na kafa idona a kan kwalta ban dubi kowa ba.

Mai jarida na hango mu ya miƙe tsaye. "A'a! Baba Albishir! Na ce ko ka tuba ne ka bar mini tashar?" Ya jawo bencinsa, Baba ya girgiza kai, shi a tsaye yake yi. Mai jarida ya kawar da fuska yana gyara jaridun da ba su karkace ba.

Tashar cike take da ma'aikata da 'yan makaranta. Baba ya ja numfashi ya ɗaga murya. Abin da ya fito ba ya kama da kalma. Nan take na ga wayoyi suna tashi sama, wasu samari uku suna zungurin juna, ɗaya har ya fara riƙe ciki.

Niyyata in zama sanda kawai, in tsaya in yi shiru. Amma na ji abin da ya ce sarai, kuma duk taron nan ni kaɗai na ji.

"Ya ce albishirinku," na faɗa. Ko ni ban ji kaina ba.

Baba ya juyo ya dube ni da idonsa mai kyau. Ya matsa kafaɗata.

"Ya ce albishirinku!" Wannan karon da muryar da nake kiran yara daga bakin titi na yi. Wata mata ta zabura har jakarta ta zame.

Haka muka fara. Ya faɗi guntu, in ɗauka in miƙa. Ya ce Allah bai manta da kowa a tashar nan ba, har wanda ya fito gida bai karya ba, har wadda ta kwana tana kuka ta shafa hoda ta fito. Ya ce shi ya san Yesu tun yana da hannu biyu, yanzu da hannu ɗaya ma bai sake shi ba. Da ya zo wani wuri ya yi ta maimaita abu guda, sai na taƙaita na gyara masa shi ya yi kyau. Ai kuwa ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ba haka... na ce ba."

"To ai na gyara maka ne."

"'Yar rigima. Faɗi... yadda na ce."

Na faɗa yadda ya ce. Amma sunan nan da ya kira ni da shi ya fi mini komai daɗi a ranar.

Ɗaya daga cikin samarin ya matso da wayarsa har kusa da fuskar Baba, yana kwaikwayon bakinsa. Jinina ya tafasa, na ɗaga hannu zan kaɗe wayar. Baba ya riga ni magana.

"Me tsohon ya ce, Mama?" in ji yaron, yana dariya.

Na haɗiye abin da ke bakina. "Ya ce ka matso da kyau, ɗana, hannunka na rawa. Ya ce ka sa duk kukan da kake so, amma ka bar wurin da ya ce Yesu yana ƙaunarka."

Aka yi dariya, ban san ko da mu ake ba ko da shi. Yaron ya ja baya, amma bai sauke wayar ba. Wasu suka ja tsaki suka matsa gaba. Wani ya ce yanzu mahaukatan sun zama biyu. Wata yarinya mai kayan asibiti ta cire abin jin waƙa ɗaya daga kunnenta ta tsaya tana ji, har bas ɗinta ta zo ta shiga.

A nan ne na hango Akawu.

Tun da Baba ya koma fita bayan ciwo, Akawu ya daina hawa bas ɗin ma'aikatansu a tashar nan, sai ya taka zuwa ta gaba. Da ya tabbata ubansa na gida, ashe ya dawo tasharsa. Yana tsaye a ƙarshen layi ta ɓangaren dama, da farar rigarsa da jakarsa, tare da abokan aikinsa biyu. Idona ya shiga cikin nasa. Na ga leɓensa ya motsa. Ƙafarsa ɗaya ta yi gaba, na rantse ta yi gaba. Sai ɗaya daga cikin abokan ya raɗa masa wani abu yana murmushi.

Akawu ya ciro wayarsa ya kara a kunne, ya juya mana baya. Wayar da ba ta yi ƙara ba.

Farar bas ɗinsu ta tsaya. Ya shiga ya wuce kujerun da ke gefenmu, ya zauna can ɗaya ɓangaren.

Ban ankara ba, Baba ya faɗi guntu biyu ban ɗauka ba. Ya karkato da kansa gaba ɗaya don ya kawo idonsa mai kyau wajen, amma ya makara, bayan rigar kawai ya gani tana shigewa.

"Akawu ne?"

"Shi ne."

"Ya ji?"

Na dubi fuskar nan da na aske da hannuna, gefe ɗaya a sake, ɗaya gefen ya haskaka kamar na yaron da aka ce babansa ya dawo daga tafiya.

"Ya ji ka," na ce.

Sai ya saki kafaɗata. Ya yi tangaɗi, na yi maza na rungumo ƙugunsa da hannu biyu. Ya ɗaga hannunsa na hagu sama, hannun da ya rage masa, yana yi wa bas ɗin adabo. Tagogin gefenmu cike suke da fuskoki, wasu na kallo, wasu na danna waya. Ba wanda ya ɗago hannu.

Hannun na sama har bas ɗin ta sha kwana. Sannan ya sauke shi a hankali, ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Ina... muka tsaya?" ya ce.